Goron da Baba Sabi'u Ya Maido

Ku yi mani aikin gafara, 'yan uwa, na san na shanya ku. Saƙonninku duk na gani, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ban fito na yi magana ba za ta hau mota ta zo Cadawa ta zaƙulo ni daga ƙarƙashin keken ɗinki. Ba yanga nake ba. Da na ɗauki waya zan rubuta sunan Ayuba sai idona ya cika, in ajiye. Yau kuwa ga ni, na ci tuwo na ƙoshi, har kwalli na sa. Ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zinariya, tela ce ni, ina zaune da Innata a Cadawa, bayan majami'armu. Mu Kirista ne. Babana marigayi shi kaɗai ne a gidansu ya bi Yesu tun yana saurayi, ya baro Gidan Rumji ya taho nan ya yi aure. 'Yan uwanshi duk Musulmi ne, suna can, babbansu kuma Baba Sabi'u, yayan babana ciki ɗaya. Ayuba kuwa makanikin babura ne a tashar Gazawa, shi ke buga ganga a majami'arsu. Dogo ne, baƙi, yana da wushirya, kuma ko sabulu nawa ya ƙarar farcenshi ba ya rabuwa da baƙin mai. Ya ce yana sona, na ce ina sonshi, ba mu ɓoye wa kowa ba.

Abin da ya rage shi ne goro. A wajenmu Baba Fasto ba ya shelar aure gaban jama'a sai gidan uban yarinya sun karɓi goron gaisuwa, ko su wane ne, ko wane addini suke yi. Don haka mutanen Ayuba suka ɗaure goro a ƙwarya da dabino da alawa, kawunshi ya ɗauka, ikilisiyarmu kuma ta haɗa shi da Dattijo Yahuza, abokin babana, don ya yi masu jagora ya kuma yi magana. Suka tafi Gidan Rumji. Baba Sabi'u ya shimfiɗa masu tabarma, aka dama masu fura, ya saurare su har suka gama. Sannan ya sa hannu ya tura ƙwaryar gabansu, ya ce ya ji, su koma da kayansu, Allah ya kai su gida lafiya. Bai ƙara ko kalma ba.

Babu wanda ya tsaya neman dalili, don kowa yana ganin ya san shi. Addini. Ni ma haka na ce. Ai ko da babana ya rasu, sai bayan an rufe shi Baba Sabi'u ya zo, ya zauna ƙofar gida kai a sunkuye, bai taɓa ruwan da aka kai mashi ba, ya tashi ya koma. Mutumin da ya yi haka, me za ka jira a wurinshi?

Daga nan kowa ya zama mai ba da shawara. Kawuna na wajen Inna ya ce mu tafi meri, ofishin magajin gari, a ɗaura, a bar tsoho da taurin kanshi. Baba Fasto ya ce shi dai ba zai tsallake gidan uba ba, Inna ta ce ko shi ya tsallake ita ba ta tsallakewa, don gobe in na haihu 'ya'yana za su tambayi dangin kakansu. Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Mama Tala, uwar Ayuba. Ita ce shugabar zumuntar mata a Gazawa, mace mai jiki, in ta ɗaga murya a waƙa ba a buƙatar lasifika. Ta ce tunda take ba a taɓa maido mata kaya ba, ko ƙosanta da ya kwana. Ta ce gidan da aka turo mata ƙwarya ba ta sake aika ƙafa can. Kuma ba ta tsaya nan ba, ta fara yi wa Ayuba zancen wata ɗiyar ƙawarta da ke aikin jinya a Maraɗi, wai 'yan uwanta duka masu bi ne, ba mai maido goro.

Ayuba bai ɓoye mani ba. Kullum da rana in aiki ya lafa sai saƙo ya shigo.

"Zinari, kin ci abinci?"

In ce na ci, alhali koko ne kawai a cikina.

"Mama ta sake kawo zancen nan. Na ce mata ni ganga ɗaya nake bugawa."

In tura mashi fuska mai dariya, ni kuwa kuka nake a kan atamfar mutane.

Addu'a kam na yi ta. Na yi azumi har Inna ta fara ɓoye mani zare don in tashi in ci. Amma bari in faɗa maku irin addu'ar. Cewa nake, Ubangiji, ka farfasa zuciyar Baba Sabi'u, ka hana shi barci, ka sa ya bugo waya kafin a yanke gero, ka rufe bakin Mama Tala, ita kuma ta Maraɗi ka ba ta miji a can nesa, Damagaram ko gaba. Har lokaci nake yanka mashi. In gari ya waye wayar Inna ba ta yi ƙara ba, sai in ji kamar an yi mani alkawari an saɓa.

Ana cikin haka wata mata ta kawo mani ɗinki, leshi mai tsada, na bikin ƙanenta. Ta ce ta yarda da hannuna, in yi yadda na gani. To amma ba ta tafi ba. Na shimfiɗa na ɗauko alli, ta ce a'a, ba nan ba. Na ɗauko almakashi, ta riƙe mani hannu. Ta tafi ta kai bakin ƙofa ta dawo, ta ce bari dai ta je da shi gida ta sake tunani. Washegari ta maido, jibi ta karɓe. Ranar da haƙurina ya ƙare na ce mata, Yaya, ko ki bar mani ko ki ɗauka, ba na iya yanka abin da ke hannunki.

Maganar tana fita bakina na ji ta dawo ta tsaya mani a ƙirji. Matar ta yi dariya ta bar leshin ta tafi, ni kuwa na kasa taka keke.

Ranar ni ke da sharar majami'a. Da rana tsaka na ɗauki tsintsiya na shiga, ba kowa sai tantabaru a saman kwano da ƙamshin ƙasar da ruwan jiya ya jiƙa. Na share rabi na ajiye, na durƙusa tsakanin bencina. Na daɗe ban ce komai ba, don duk maganar da ta zo mani sai in ji umarni ce na sa mata rigar roƙo. Daga baya na ce, Yesu, ka san ina son Ayuba, ba sai na yi maka ƙarya ba. Ina sonshi har ina jin kunyar yawan son. Amma na gaji da riƙon wannan abu. In nawa ne, kai ka san hanyar Gidan Rumji fiye da ni. In ba nawa ba ne, ka riƙe ni kada in lalace, kada kuma in tsani kowa. Kai ma ka taɓa roƙon a ɗauke maka abu mai ɗaci ba a ɗauke ba, ka san yadda yake.

Kada ku ɗauka wani haske ya sauko ko na ji murya. Gwiwata ce kawai ta yi ciwo, na tashi na ƙarasa shara. Kuma kafin in kai gida na ƙwace abina na fara sabon lissafi, sai da na sake tsayawa gindin itacen bedi na ce, af, ga shi, na maido. Haka na riƙa yi kwana da kwanaki, in miƙa in karɓe, in miƙa in karɓe, kamar mai leshi. Sai dai a hankali tsakanin miƙawa da karɓewa ya riƙa tsawo. Na koma cin abinci. Na daina kwana da waya a ƙarƙashin kunci.

Na kuma rubuta wa Ayuba abin da ya fi komai yi mani wuya.

"Ban ce ka tafi ba, ban kuma ce ka jira ni ba. Kada ka saɓa wa Mama saboda ni. Ni na bar wa Ubangiji, kai ma ka tambaye shi da kanka."

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, shiru. Can da yamma ya turo kalma ɗaya: "To." Wannan "to" ɗin, 'yan uwa, na juya ta gaba na juya ta baya, ban samu komai a cikinta ba. Na ninke farin yadin rigar aure da na fara yanka wa kaina na sa ƙasan akwati.

Ba a jima ba labari ya zo cewa Farida, ɗiyar Baba Sabi'u da ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya. Ba a aiko mana ba, a bakin wata mai sayar da kuka Inna ta ji. Ta shigo ta ce in ɗinka rigunan jariri, ni zan je suna. Na ce Inna, gidan da aka maido goro? Ta ce goro daban, barka daban, jinin ubana ne ya ƙaru, kuma ita ƙafarta ba ta iya doguwar mota. Na so in yi gardama, sai na tuna na ce na bari. Na dai ƙudurta abu guda tsakanina da Allah: zan je, zan yi barka, zan yi aikin da aka sa ni, amma zancen aure ba zai fita bakina ba, ko da Baba Sabi'u ya zauna kusa da ni.

Ranar suna na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da zane, na yafa babban mayafi ruwan toka. Na tsaya gaban madubi ina taɓa 'yar sarƙar gicciyen da ke wuyana, ko in cire. Inna ta ce in bar ta inda take kullum, kada in ɓoye, kada kuma in fito da ita saman mayafi kamar mai talla. Na shiga mota zuwa Maraɗi, na sake wata. Daga Tsibiri zuwa gaba gero ya fitar da kai ko'ina, hanya kore shar, wata tsohuwa kusa da ni tana ta ba ni gyaɗa dafaffa tana tambayar ko ni matar aure ce. Na ce tukuna.

Na tarar an riga an raɗa suna, Zahra'u, maza sun watse, rago na rataye ana fiɗa. Ina yin sallama tsakar gida ta yi tsit, irin shirun da cokali ke tsayawa a tukunya. Sai wata murya ta fito daga madafa.

"A'a, ga 'yar mishan da ƙafarta. Ke, ashe kin san hanya? Mu mun ɗauka sai da jirgi ake zuwa Cadawa."

Gwaggo Ummuhani ce, ƙanwar Baba Sabi'u, yayar babana, gajera mai zanen Gobir a kumatu, bakinta ja da goro. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta ce hancin Ɗanasabe ne sak, wato babana, Allah ya sa ban ɗauko taurin kan ba. Kafin in amsa ta ɗora mani turmi ta ce baƙo na kwana ɗaya ne ake wa shimfiɗa, ɗiyar gida daka take. Mata suka yi dariya, shirun ya watse. Na tuɓe mayafi na ɗaure ƙugu.

Na yi daka, na wanke kwanoni, na raba tuwo gida-gida tare da 'yan mata. Rigunan da na ɗinka suka zagaya hannu-hannu, wata ta ce ashe 'yan mishan sun iya tattara, Gwaggo ta ce ai hannun gidan nan ne, mishan ba su ƙara mata komai ba sai waƙa.

Baba Sabi'u ya shigo da hantsi, dogo siriri cikin farar riga, gemunshi ya yi fari fiye da yadda na san shi. Na zube na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Inna da ƙafarta, ya ce an gode, ya wuce. Ya sake shigowa neman wuƙa, ya sake shigowa da baƙo. Duk wucewar da zai yi sai magana ta taso mani har maƙogwaro. Don kada ku ce ban shirya ba, na shirya tun a mota, duk da alkawarina. Cewa zan yi, Baba, don Allah ka dai karɓa kawai, ba sai ka yi komai ba, ba sai ka zo ba, ba wanda zai ga ƙafarka a wurinmu, mu za mu yi komai. Na tsara ta tsaf, har inda zan yi kuka na sani. Sai in ji ta taso, in danne, in ce a raina, Ubangiji, na ce na bari. Wannan yinin ya fi mani azumi wuya.

Da azahar mata suka tashi salla, ni na shiga ɗaki wurin Farida na karɓi jaririya. Tana ta ƙamshin turaren wuta da man kaɗe. Na yi mata addu'a a zuci yadda na iya. Farida ta dube ni ta rage murya ta ce tun ranar da baƙinmu suka zo Baba bai ci abincin kirki ba, in an tambaye shi sai ya ce zafi ne. Na ɗauka baƙin cikin an kawo mashi goron Kirista har gida ne.

Bayan la'asar na yafa mayafina don in samu motar Maraɗi. Na je zaure yin sallama, na tarar da Baba Sabi'u shi kaɗai yana tufkar igiya da kaba, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Na durƙusa na ce zan koma. Bai ɗago ba. Ya ce in zauna, ya ɗaga murya ya kira Gwaggo, ta zo tana share hannu da zane ta zauna bakin ƙofa.

"Zinariya, ke ɗiyar wa ce?"

Na ce, "Ɗiyarka ce, Baba."

"To mi ya sa anka ce mani daga gidan fasto za a ɗauke ki?"

Na ɗago kai ban gane ba. Shi ne ya ba ni labarin abin da ya faru ranar, yana tufka yana magana. Ashe da aka ajiye ƙwarya, Dattijo Yahuza ya gyara murya ya ce ba su zo ɗora mashi nauyi ba. Sun san addini ya bambanta, sun san akwai idon maƙwabta da na mutanen masallaci, ba sa so su sa shi a tsaka mai wuya. Shi dai ya taɓa goro ya sa albarka, sauran duk an ɗauke mashi. Lalle a gidan fasto, wankan amarya a gidan fasto, daga can za ta fita, ba sai wani daga Gidan Rumji ya wahala ba. Na san Dattijo, wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin kara ce ya yi wa tsoho.

"In taɓa goro," in ji Baba Sabi'u. Ya ja igiyar ya ɗaure. "Kamar wani mai wucewa da anka tare a hanya. Ɗiyar ƙanena, da gidan ubanta tsaye, da ɗakin kakarta, a sa ta lalle gidan aro kamar wadda anka tsinta."

Gwaggo ta ce ai ita tun da ta ji an fara zancen aurena ta tsinko lalle a bayan gida ta shanya ta daka ta tankaɗe. Duk ɗiyar da gidan nan ya aurar a ɗakin tsohuwa take zaman lalle, kuma ita ke yi mata wanka, ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba. Tana nan tana jira a ce mata ga rana, sai ta ji wai matar fasto ce za ta yi. Ta ce ta rasa ko matar fasto ce ta yi wa Ɗanasabe goyo.

Baba Sabi'u ya ajiye igiyar. Muryarshi ta sauka har sai da na matso.

"Randa Ɗanasabe ya cika, sai da kunka rufe shi sannan waya ta shigo. Anka ce ba a so a wahalshe ni da jana'izar da ba tawa ba. Ni na ɗauke shi a kafaɗa zuwa gona yana ƙarami. Da ya bi waccan hanya na yi hushi, ban musu ba, na daɗe ina yi. Amma hushina nawa ne, ni na san randa na aje shi. Ba wanda ya tambaye ni. Kullum sai ku yanke mani abin da zan iya, ku kawo mani saura."

'Yan uwa, ban san lokacin da kuka ya ƙwace mani ba. Na tuna shi zaune ƙofar gidanmu da ruwan da bai sha ba. Mu muna ciki muna cewa ƙyama ce, ashe mutum ne da aka hana shi ganin fuskar ƙanenshi. Sai kuma wani abu ya faɗo mani. Maganar da na tsara a mota, wadda na yini ina dannewa, ita ce ta Dattijo Yahuza, har ta fi tashi muni. Da na buɗe baki da hantsi, da ni da kaina na sake tura mashi ita, a gidanshi, ranar sunan jikarshi. Na yi makonni ina roƙon Allah ya farfasa zuciyar wannan tsoho, alhali a fashe take tun tuni, mu ne muke taka ta. Abin da Ubangiji ya yi mani shi ne ya riƙe mani harshe yini guda, kuma ko wannan sai da na sakar mashi.

Na ce, Baba, ka gafarce mu, ba mu sani ba. Ya ce ba ni na yi ba, in share ido kada a ce ya doke ni ranar suna. Sannan ya shiga tambaya. Yaron nan ina sonshi, ko ikilisiya ce ta zaɓa mani? Na rufe fuska da mayafi, Gwaggo ta ce wannan ai amsa ce. Yana shan wani abu? Na ce ko taba. Yana da sana'a? Na ce makaniki. Ya ce madalla, ga babur ɗinshi nan ya shekara yana tari. Yana zuwa wurin ibadarmu da gaske, ko sai ranar biki? Na ce shi ke buga ganga. Ya ce to, kowa dai da yadda yake yi, in dai yana tsoron Allah.

"Ki ce su maido goron nan, ga zauren ga. Lalle nan, wanka nan, ta ƙofar nan za ki fita. Ni zan kai ki har bakin ɗakin ibadarku in miƙa ki. Abin da ke ciki naku ne. In mun gama kuma, innarki ta sa a gwada mani inda anka aje ƙanena."

Na gyaɗa kai. Gwaggo ta ce in faɗa wa matan zumunta su zo da tulunansu da caki su yi waƙarsu a tsakar gida, a ga wa ya fi wani guɗa, amma ban da lokacin salla. Ta cusa mani cinyar rago a leda ta ce ta Inna ce, in na taɓa a mota za ta ji.

Baba Sabi'u da kanshi ya raka ni tasha, yana gaba ina baya, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce ɗiyar Ɗanasabe ce, ta Cadawa. Ya tsaya har mota ta tashi.

Ban iya jira in kai gida ba. Muna fita gari na ciro waya na rubuta wa Ayuba komai, a hargitse, rabi ba wasali. Tun "to" ɗin nan ba mu yi magana ba, ban san ko ta Maraɗi ta riga ta shiga ba. Na tura na ce, Ubangiji, ko me ya amsa, yau dai ka ba ni uba. Kuma da gaske nake, na ji zuciyata zaune take.

Alamar ta yi shuɗi nan take. Na ga yana rubutawa, ya tsaya, ya sake.

"Zinari, na tambaye shi kamar yadda kika ce. Kullum amsa ɗaya nake samu, kunya ce ta hana ni faɗa maki kada ki ce ban tambaya da kyau ba. Bari in je wurin Mama."

Na dafe baki da mayafi ina dariya ina hawaye, mutumin da ke gefena ya matsa. Muka wuce gonaki, muka wuce masu tallan masara, har fitilun Maraɗi suka fara bayyana, sannan waya ta sake motsi.

"Mama ta ji. Ta ce wannan karon ba ta aika kawu, ba ta aika Dattijo, maza sun ɓata sau ɗaya ya isa. Ita za ta ɗauki ƙwaryar a kanta, wai tana son ta ga idon mutumin da ya maido mata kaya. Na ce mata mace ba ta kai goro zaure. Ta ce a gwada ta. Yanzu haka ta ɗauko zanen zumunta tana guga."

Na kife wayar a cinya na rungume ledar naman. Mama Tala na tahowa Gidan Rumji da guga a zane, kuma Gwaggo Ummuhani ce za ta tarbe ta a ƙofa.